Waiwayen Mutumin Majigi

Shekarar da aka kawo majigin nan Safana, Inno ta riga ta gaji da mutane, su ma sun gaji da ita. Doguwar tsohuwa ce mai kafiya, irin wadda in ta ce nononta na yau ne, ko ya yi tsamin da zai kashe ƙuda, to na yau ne. Rugarsu tana yamma da gari, a bakin dajin Rugu. Duk ranar kasuwa takan sauko da ƙwarya a ka, surukarta Asta na biye da ita da man shanu. Abin da ya haɗa ta da mutane kuwa bai wuce maganar ɗanta ba.

Uwaisu shi ne ɗanta na fari, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu. A shekarar babban fari, lokacin da shanu suka riƙa durƙushewa a bakin rijiya ana yanka su don a tsira da fata, garkensu ya ƙare sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wata safiya ya rataya gorarsa, ya saɓa sandarsa ya fita. Inno na durƙushe tana tatsa a lokacin. Ta ga ya tsaya a bakin shinge, sai ta mai da kanta ga cikin saniya ta ci gaba da aikinta. Da ta sake ɗagowa babu shi.

Tun daga nan sai labarai. Wani ya ce an gan shi a tashar Funtuwa. Wani ya ce yana gadi a Ikko, inda kuɗin man fetur ya sa ko mai kanti ɗaya sai ya ajiye mai gadi. Wani direba ma ya rantse ya gan shi yana dako a Fatakwal, amma direban nan rantsuwa ba ta yi masa nauyi, ko gaisuwa aka yi sai ya haɗa da ita. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, ciyawa ta dawo, 'yan shanun da suka rage suka hayayyafa. Uwaisu bai dawo ba, bai kuma aiko ba.

Wadda abin ya fi ci ita ce Asta. Ba ta da miji, ba ta kuma cikin zawarawa, kuruciyarta tana tafiya tana kallo. Iyayenta a Babban Duhu sun yi aike har sun gaji. Yero, ƙanen marigayi mijin Inno, wanda ke duba musu shanu, ya je ya ji ta bakin alƙali, aka ce masa lokacin jira ya daɗe da wucewa, in ta zo za a raba auren. Amma Asta ta ce ƙafarta ba za ta taka gaban alƙali ba sai Inno ta ce mata je ki. Inno kuwa ba ta ce ba.

"Adda, ki saki yarinyar mutane," in ji Yero, duk sa'ad da ya sami fuska. "Mu yi mashi addu'a, mu yi sadaka. In yana raye ba ta kashe shi, in ya riga mu gidan gaskiya ta ishe shi."

"Wa ya kawo maka gawa tai?" in ji Inno. "Yaron nan yana hanya."

Yaron nan. Haka take cewa, ko kuma wancan, ko mai gidanki in da Asta take magana. Tun ranar da aka raɗa masa suna ba ta taɓa furta shi ba, domin Bafulatana ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wata ta ɗauke shi. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, kuma a duk rugagen bakin Rugu an san Inno ta fi kowa iya wannan kunyar. Tana alfahari da haka, ba ta ɓoye ba.

Ranar da motar majigi ta gwamnati ta iso Safana ranar kasuwa ce. Inno ba mai kallon irin waɗannan abubuwa ba ce, a wurinta inuwa ce da ƙarya. Amma Kande, mai furar da ke sayen nononta, ta riƙe mata zani ta ce yau sai sun kwana, ai wannan na Fulani ne, har da shanu a ciki. Jin shanu ya sa Inno ta zauna.

Bayan an idar da sallar isha aka ta da inji. An ɗaura farin ƙyalle a jikin bangon makarantar firamare, maza a gaba, mata a gefe. Mai bayani wani siririn mutum ne mai suna Sada, riƙe da lasifika, bakinsa ba ya hutawa. Shi ne muryar kowa a ciki, har jaki in ya wuce sai ya yi masa magana. Aka fara nuna sababbin tituna da gadoji, aka nuna yadda ake zuba takin zamani, sannan aka zo kan abin da aka taru dominsa.

Labarin wani makiyayi ne da fari ya cinye wa shanu. An shirya shi ne don a koya wa mutane ajiye harawa da kai shanu allura, Sada kuwa bai bar wannan darasin ya huce ba ko kaɗan. Amma ba darasin mutane suka kalla ba. Sun kalli mutumin yana jan saniyarsa ta ƙarshe da igiya tana tirjewa, sun ga ta faɗi, sun ga ya zauna kusa da ita har inuwa ta juya. Filin ya yi tsit, don babu wanda ke wurin da bai san wannan zaman ba. Daga nan mutumin ya tashi ya saɓa sandarsa ya bar rugarsa. Ya yi ta tafiya har ya kai wata mararraba a fili fetal, babu gari babu mota. Ya tsaya. Ya waiwayo, fuskarsa ta cika ƙyallen, ya daɗe yana kallon wani abu da ba a nuna ba. Sannan ya juya ya taka, ya taka, har ya fice ta gefen ƙyallen. Sai farin haske.

"To ina ya tahi?" wani ya ɗaga murya.

"Iyakar abin da aka ba ni ke nan," in ji Sada. "Ku dai ajiye harawa."

Washegari babu mai maganar harawa. A rumfar mahauta cewa aka yi gudu ya yi, waiwayen nan kuwa dubawa yake ko wani ya gan shi. A tasha aka ce birni ya nufa, mota yake dubawa, kuma ya yi dabara, don zama a kan gawar saniya ba ya ciyar da kowa. Kande ta ce ita dai idanunsa ba su yi mata ba, irin kallon mai shirin faɗawa rijiya ne. Wani tela ya ce ƙarshen ne ya ƙone a cikin inji, ana ɓoyewa. Har an kusa ba hamata iska a kan mutumin da babu wanda ya san sunansa.

Inno ba ta sa baki ba, don ita ba ta ga abin gardama ba. Ta lura da abin da duk suka manta. Mutumin da ya fice, ta gefen yamma ya fice, ta kan katangar makaranta, daidai saitin hanyar da ke zuwa rugarsu. Mutumin daji ba ya lissafi da dama da hagu. Gabas ya sani da yamma, kudu da arewa, ko a cikin ɗaki yake. Mai zuwa birni gabas yake yi ko kudu. Wanda ya yi yamma daji ya nufa, gida ya koma. Ta ɗauki ƙwaryarta ta kama hanya da ƙarfin da rabonta da shi tun kafin fari, har Asta na haɗawa da gudu-gudu.

Ba ta ce mutumin ɗanta ne ba, hankalinta bai gushe ba. Na majigin gajere ne, kuma riƙon sandarsa ma na ɗan birni ne. Amma ta ɗauki abin a matsayin ishara. A ce ita da ba ta kallon majigi, rana ɗaya ta zauna, a nuna mata mai irin ciwon ɗanta, kuma a nuna mata ya juya gida? A ranar ta wanke ƙwaryar da Uwaisu ke shan fura a ciki, ta shanya ta a kan danga inda kowa zai gani. Asta ta gani, tuwonta na ranar kuwa kare ne ya ci.

Bayan 'yan kwanaki Yero ya dawo daga kasuwar Batsari da wani ɗan maraƙi da kuma labari.

"Adda, na ga mutuminki," ya ce, yana ɗaure maraƙin a dangwali. "Sun nuna shi Batsari, bayan kasuwa ta watse. Na sa ido sosai saboda ke. Kudu ya yi."

"Yamma dai."

"Kudu, Adda. Ina zaune, ga masallaci nan gabas gare ni. Ya waiwayo ya yi bankwana da ƙasa tai, ya miƙe kudu, hanyar Kurmi. Wanda ya yi wanga kallo ba shi dawowa."

"Idonka ne ya tsufa, Yero. Kai da ka taɓa kora jakin mutane gida ka ce naka ne."

"Na ji, jaki na kora. Amma kudu ba ta ɓace mani."

Ta yi masa dariya, irin ta wasan ƙanen miji, amma dariyar ba ta sauka cikinta ba. Yero ba ya ƙarya, kuma makiyayin da ya kai shanu har bakin Kwara ya dawo ba zai rikita kudu da yamma ba. To yaya mutum ɗaya zai yi yamma a Safana ya yi kudu a Batsari? Ko ya canja shawara ne a tsakani? Tambayar ta bi ta wurin tatsa, ta bi ta rijiya. In ta rufe ido sai ta ga fuskar nan ta cika ƙyalle tana kallonta. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba ko a shekarar fari.

Da aka ce motar za ta zo Runka, Inno ce ta fara ɗaukar ƙwarya. Ta sayar da nononta a gaggauce, ba ta ko tsaya ciniki ba, abin da ya sa masu saye suka riƙa sansana shi. Da la'asar sakaliya ta iske motar a filin gefen kasuwa. Sada na tsaye a kan rufinta da igiya a baki, yana ɗaura kusurwar ƙyallen a reshen wata tsamiya, ɗaya kusurwar kuma a jikin motar. Ta tsaya daga nesa kaɗan, Asta na bayanta, har ya sauko.

"Sannu da aiki, ɗan nan."

"Yawwa Inna, sannu da rana. Ya gida, ya shanu?"

"Lahiya lau, mun gode Allah. Ya gajiyar hanya?"

"Babu gajiya, Inna. Kallo kuka zo? Ai da saura, sai an yi isha."

"Tambaya gare ni." Ta gyara tsayuwa. "Mutumin nan naku mai sanda. Yau ina za shi?"

Sada ya yi dariya, ya buɗe baki zai ba ta irin amsar da yake ba 'yan kasuwa. Sai ya dubi fuskarta ya fasa. Ya taka zuwa ƙyallen ya dafa gefe guda.

"Kullum ta nan yake fita, Inna."

Inno ta dubi hannunsa, ta dubi rana da ke gangarawa ta ɗaya gefen. Gabas ke nan.

"A Safana yamma ya yi," ta ce.

"To, yana yiwuwa. Can bangon makaranta muka samu."

"A Batsari an ce kudu."

"Can kuma tsakanin rumfa biyu muka ɗaura." Ya sosa ƙeya. "Inna, mu duk inda muka sami abin ɗaura igiya, nan muke ɗaurawa. Shi bai san gabas ba, bai san yamma ba. Gefen ƙyalle kawai ya sani."

Inno ta ji kamar an janye mata tabarma tana zaune. Ashe duk ƙarfin da ta yi kwanakin nan, da wanke ƙwarya, da yi wa Yero dariya, bangon makaranta ne ya ba ta. Kunya ta rufe ta, baƙin ciki ya biyo baya, ya fi kunyar nauyi.

Sada ba mugu ba ne. Ya ga abin da ya faru ko da bai san dalilinsa ba. Ya rage murya ya ce, "In yamma kike so ya yi, ba wuya. In juya motar, mutane su zauna ta can. Yanzu-yanzu."

Inno ta dubi ƙyallen iska na kaɗa shi. Ta so ta ce masa juya. Allah ya sani ta so, har bakinta ya motsa.

"Bar shi," ta ce. "Bar shi yadda ka ɗaura."

Asta ta ce su tafi gida tun da sauran haske, Inno ta ce a'a, ta zo kallo, sai ta kalla. Suka yi salla a gidan wata 'yar'uwarsu, suka dawo suka zauna cikin mata. Tituna suka wuce, taki ya wuce, saniya ta faɗi. Sada ya yi ta zuba kamar kullum, amma da mutumin ya doshi mararraba sai ya sauke lasifikar, ba a jin komai sai ƙarar inji.

A Safana ƙafafunsa Inno ta bi da ido, tana jiran ta ga inda za su nufa. Yau da ƙafafun ba su da abin gaya mata, sai ta dubi fuskar. Mutumin ya tsaya, ya waiwayo. Ba dube-duben mai gudu yake ba, idonsa wuri ɗaya yake. Ba kuma kallon bankwana ba ne, mai bankwana yakan dubi ko'ina, bishiya da turke da rijiya. Wannan ya karkata kai kaɗan, kunnensa na baya, leɓensa a ɗan buɗe. Inno ta san wannan tsayuwar. Haka maraƙi ke yi in ya yi nisa da garke, ya tsaya ya saurara ko uwarsa za ta yi kuka. Mutumin bai yanke shawarar komai ba tukuna. Jira yake a kira shi.

Sai safiyar nan ta dawo mata gaba ɗaya, har da ɗumin cikin saniyar a goshinta. Uwaisu a bakin shinge, gora a kafaɗa. Ya daɗe a tsaye, ta sani, domin ƙwaryar ta kusa rabi kafin inuwarsa ta gusa. Babu kowa a waje sai su biyu, Asta ta tafi rijiya. Babu wanda zai ji, babu wanda zai ce Inno ta yi rashin kunya. Kalma ɗaya ce, kuma tana cikin bakinta. Ta riƙe ta kamar yadda aka koya mata, ta riƙe ta da kyau.

A kan ƙyallen mutumin ya fara juya kafaɗarsa.

"Uwaisu!"

Muryar ta ratsa filin har ta fi ƙarar inji. Mata suka waiwayo, maza suka miƙa wuya. Inno na tsaye, ita kanta ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Wasu samari suka fara dariya, wani dattijon Bafulatani da ya san ta ya daka musu tsawa, sannan ya sunkuyar da kai. Asta ta toshe bakinta da gefen mayafi.

"Uwaisu!" ta sake kira, wannan karon a hankali.

Mutumin ya gama juyawa. Ya taka, ya taka, ya fice ta gefen gabas, ta wajen tsamiya. Farin haske ya cika ƙyallen. Babu wanda ya tambayi Sada ina ya tafi, shi ma bai yi maganar harawa ba.

Suka kwana a Runka. Da gari ya waye suka kama hanyar ruga, Inno a gaba, Asta a baya, ƙoren da babu komai a ciki suna ƙwanƙwasar juna a kansu. Raɓa ta jiƙa musu ƙafafu. Sun yi nisa har suka kai inda hanyar Babban Duhu ta rabu da tasu. Nan Inno ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Asta."

"Na'am, Inno."

"In mun isa ki ce ma Baffa Yero ina kira nai. Ku tahi wurin alƙali. Ki gaida mani iyayenki, ki ce masu na riƙe masu ɗiya ya yi yawa, su yafe mani."

Asta ta fashe da kuka, ta durƙusa a kan hanya da ƙwaryarta a ka. Inno ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta miƙa hannu ta ɗaga ta.

"A kuma gaya ma liman," ta ce. "In zai yi addu'ar, ni zan faɗa mashi sunan."

Suka ci gaba da tafiya. Can Asta ta ji tsohuwar na magana ƙasa-ƙasa, ta matso don ta ji ko aike ne. Ba aike ba ne. Sunan take faɗa, ta faɗa ta yi shiru, ta taka kaɗan ta sake faɗa, yanzu da babu sauran wanda za ta ji wa kunya. Haka ta yi ta kiransa har suka hango shanu.